Kwana Ukun Farko: Yadda Ƙwayoyin Tushe Ke Raya Dashen Kitse

A asibitin Rigshospitalet da ke Kopenhagen, babban birnin Denmak, wasu mutum goma masu ƙoshin lafiya sun ba da damatsansu aka yi gwaji. Sau biyu aka zuƙi kitse daga jikin kowannensu, da tazarar kwana 14. Na farkon ɗakin gwaje-gwaje aka kai shi, aka tsamo wasu ƙwayoyin halitta da ke maƙale a cikinsa, aka yi ta renonsu har suka hayayyafa. Na biyun kuma aka tace shi, aka raba shi gida biyu, kowanne mililita 30, wato kimanin cokali biyu na cin abinci. Ɗaya aka bar shi yadda yake. Ɗayan aka gauraya shi da ƙwayoyin nan da aka rena, miliyan 20 a kowace mililita. Daga nan aka ɗura ɗaya a ƙarƙashin fatar bayan damtsen dama, ɗayan a na hagu, aka kuma ɓoye wa masu damatsan da masu auna sakamakon gefen da kowanne ya shiga.

Bayan kwana 121 aka ɗauki hoton MRI. Kitsen da aka ɗura zallansa ya zagwanye, abin da ya rage kashi 16.3 ne cikin 100. Wanda aka gauraya da ƙwayoyin kuwa, kashi 80.9 yana nan daram. Jiki ɗaya ne, kitse ɗaya, rana ɗaya aka dasa su. Da Dokta Stig-Frederik Kølle da abokan aikinsa suka buga wannan sakamako a mujallar The Lancet a 2013, likitocin tiyatar gyaran jiki a ko'ina sun tsaya sun duba, domin matsalar da aka taɓa ta girmi kowannensu. A lokacin, shekara 120 ke nan ana dasa kitse yana narkewa.

Ƙwayoyin da aka gauraya su ne Turawa ke kira sitem sel. A nan za mu kira su ƙwayoyin tushe, saboda daga gare su wasu ire-iren ƙwayoyin jiki ke fitowa, kamar yadda rassa ke fitowa daga tushen bishiya.

Ramin da ciwo ke bari

Ciwo kan tafi ya bar rami. Matar da aka yanke wa wani sashe na mama saboda sankara ta warke, amma gefe guda ya loɓa. Wanda aka yi wa gashin na'ura don kashe ciwon daji, bayan shekaru fatar wurin kan bushe, ta yi tauri, ta manne da ƙashi, wani lokaci ta fashe ta zama gyambon da ba ya jin magani. Wanda ya ƙone da wuta, tabon kan ɗaure masa wuya ko gwiwar hannu. Akwai jaririn da ake haifa gefen fuskarsa ɗaya bai kai ɗayan girma ba, akwai kuma cutar Parry-Romberg, wadda ke cinye naman rabin fuska sannu a hankali tun daga ƙuruciya.

Duk waɗannan abu ɗaya suke nema: nama mai laushi da zai cike gurbi ya zauna. Ana iya sa robar silikon, amma baƙuwa ce a jiki, jiki kan naɗe ta da tantani mai tauri, kuma fatar da aka gasa ba ta cika jure ta ba. Ana iya yanko tsoka da fata daga baya ko ciki, haɗe da jijiyoyinsu na jini, a dasa a wurin. Wannan aiki ne babba na awoyi masu yawa, kuma yana barin sabon tabo a inda aka yanko. Kitse kuwa na mutum ne, jikinsa ba zai ƙi shi ba, yana da laushi irin na naman da aka rasa, kuma ta 'yar ƙaramar huda ake ɗebo shi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ba a san nawa zai zauna ba. Rahotannin likitoci sun nuna abin da ke narkewa yana kamawa daga kashi 25 har zuwa kashi 80 cikin 100. Majiyyaci kan fita daga asibiti fuska a cike, bayan wata uku ramin ya fara dawowa, a sake tiyata ta biyu, ta uku, kowacce da kuɗinta da wahalarta.

Daga ƙwayar wake zuwa sirinji

Likitan Jamus Gustav Neuber ne ya fara ba da rahoton dashen kitse a 1893. Ya yanko 'yan gutsattsari daga hannun wani majiyyaci ya cike tabon da ciwon ƙashi ya bari a gefen idonsa. Tun a lokacin ya lura da abin da har gobe shi ne ginshiƙin aikin: ƙananan gutsattsari, kamar girman ƙwayar wake, suna kamawa, manya kuwa ba sa yi. Shekara biyu bayan haka, a 1895, Vincenz Czerny na Heidelberg ya ciro wani ƙullutun kitse daga ƙugun wata mata ya cike gurbin naman da ya cire mata a mama. A 1950 Lyndon Peer na Amurka ya auna abin da ke faruwa, ya gano cewa a cikin shekara guda dashen kan rasa kusan rabin nauyinsa. Wannan ya sanyaya gwiwar mutane da yawa.

Abin da ya farfaɗo da aikin daga wani gefe ya fito. A ƙarshen shekarun 1970 Yves-Gérard Illouz na Faris ya gyara hanyar zuƙe kitse da siririn bututu marar tsini. Masu son rage teɓa suka yi ta zuwa, kitse ya samu a ruwa-ruwa, wanda za a iya zubawa a sirinji a ɗura a wani wuri. Sai dai garaje ya yi yawa a farkon lamarin. Ana ɗura shi da yawa a wuri guda, ya mutu a ciki, ya zama ƙullutu mai maiƙo ko ya taurare kamar tsakuwa. A 1987 ƙungiyar likitocin tiyatar gyaran jiki ta Amurka ta yi tir da ɗura kitse a mama, don tsoron kada waɗannan tsakuwoyi su rikita hoton da ake ɗauka wajen neman sankara. Sai a 2009 ta sassauta wannan matsayi.

A tsakanin nan ne Sydney Coleman na Niyok ya tsara hanyar da ta zama abin koyi. A zuƙo kitsen a hankali da sirinjin hannu, kada ƙarfin inji ya farfasa shi. A sa shi a injin juyawa na minti uku, zagaye 3,000 a kowane minti, sai ya rabu hawa uku: mai a sama, jini da ruwan maganin kashe zafi a ƙasa, kitse mai kyau a tsakiya. Sannan a ɗura shi da ƙaramin sirinji, ɗigo-ɗigo, yayin da ake janye bututun, layi bisa layi, hawa bisa hawa, ta yadda kowane zare na kitse zai kwanta a jikin nama mai rai. Darasin Neuber ne aka dawo da shi da sabon kayan aiki. Sakamako ya gyaru sosai, amma narkewar ba ta ƙare ba.

Abin da ke faruwa a kwana uku

Duk wanda ya taɓa dashen albasa ko tumatir a fadama ya san lokacin da ya fi haɗari. An tumɓuke iri daga inda aka yafa shi, saiwarsa ta tsintsinke, an kafa shi a sabuwar ƙasa. Kafin ya yi sabuwar saiwa, da damshin da ke gefensa kaɗai yake rayuwa. In ya daɗe bai kama ba, ya tafi.

Haka kitse yake. A inda aka halicce shi, kowace ƙwayar kitse tana jingine da siririyar jijiyar jini da ke kawo mata abinci da iskar oksijin. Bututun zuƙa yana raba ta da wannan jijiya. A sabon wuri ba ta da komai sai abin da ya tsattsafo daga naman da ke kewaye, kuma wannan tsattsafi ba ya nisa. Ƙungiyar Farfesa Kotaro Yoshimura a Jami'ar Tokiyo ta bi diddigin lamarin a jikin ɓeraye, ta buga sakamakon a 2012. Sun gano cewa dashen kan kasu da'ira uku. Ta waje, wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, ƙwayoyin kitsenta suna rayuwa. Ta tsakiya, ƙwayoyin kitse suna mutuwa tun ranar farko, amma ƙwayoyin tushe da ke tare da su suna jurewa. Ta can ciki kuwa, kowa da kowa ya mutu, kuma nan ne ke zama maiƙo, ƙullutu da tabo.

Da'irar tsakiya ita ce filin daga. Ƙwayar kitse ba ta wuce kwana ɗaya babu iska, amma ƙwayar tushe tana iya kai wa kwana uku. In sababbin jijiyoyin jini suka iso kafin wa'adin ya cika, ƙwayoyin tushe za su farka, su hayayyafa, su zama sababbin ƙwayoyin kitse, su maye gurbin matattun a cikin kimanin wata uku. In jinin ya makara, da'irar tsakiya ta bi ta ciki. Ma'anar wannan ita ce, yawancin kitsen da majiyyaci ke gani a fuskarsa bayan shekara guda sabo ne, an haife shi a wurin. Wanda aka ɗura ya zama gado ne da aka gina sabon a kansa.

Jiki dama ya saba da wannan sabuntawa. Masu bincike a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2008 cewa babban mutum yana sauya kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin kitsensa kowace shekara. Ƙwayoyin tushe ne ke wannan aiki a ɓoye. Dashe yana neman su yi aikin shekaru a cikin makonni, kuma cikin yunwa.

Dukiyar da ake zubarwa

Shekara da shekaru, kitsen da aka zuƙe daga masu rage teɓa shara ne, ƙona shi ake yi. A 2001 Patricia Zuk da Marc Hedrick da abokan aikinsu na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, tare da takwarorinsu na Pittsburgh, suka nuna cewa a cikin wannan shara akwai ƙwayoyin da za a iya juya su a ɗakin gwaje-gwaje su zama kitse, ƙashi, guringuntsi ko tsoka. Kafin nan ɓargo aka fi sani da irin waɗannan ƙwayoyi, kuma huda ƙashi ake yi a samo 'yan kaɗan. A kitse kuwa sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ɗebo su ya fi sauƙi.

Ba a daɗe ba aka gano cewa rikiɗa zuwa wani nama rabin aikinsu ne kawai. A 2004 masu bincike a Jami'ar Indiyana suka nuna cewa ƙwayoyin suna fitar da sinadaran da ke kiran jijiyoyin jini su tsiro, irin su VEGF da HGF, kuma in aka rage musu iska, VEGF ɗin da suke fitarwa kan ninka har sau biyar. Wato ƙuncin da ke kashe ƙwayar kitse shi ke sa ƙwayar tushe ta ɗaga murya. Suna kuma fitar da abin da ke hana maƙwabtansu saurin mutuwa, da abin da ke lafar da kumburi. Arnold Caplan, masanin da ya raɗa wa dangin waɗannan ƙwayoyi suna a 1991, ya dawo a 2017 yana kira da a sauya sunan, domin a ganinsa babban aikinsu a jikin majiyyaci shi ne aika saƙo.

Yoshimura ya lura da wani abu kuma. Ƙwayoyin tushe sun fi taruwa a gefen jijiyoyin jini, kuma bututun zuƙa yana barin manyan jijiyoyi a baya. Saboda haka kitsen da aka zuƙo yana ɗauke da kusan rabin ƙwayoyin tushen da ke cikin wanda aka yanko da wuƙa. Tun daga gida an rage masa guzuri. Dabarar da ya fito da ita a 2006 ita ce a mayar masa da abin da ya rasa. A raba kitsen da aka zuƙo gida biyu. A zuba wa rabi sinadarin kolajenes, wanda ke narkar da zaren da ya ɗaure nama, a juya shi a inji, ƙwayoyin kitse su taso sama, wani ɗan gari-gari ya kwanta a ƙasa. Wannan abin da ya kwanta, wanda likitoci ke kira SVF, gauraye ne na ƙwayoyin tushe da ƙwayoyin bangon jijiya da na garkuwar jiki. A wanke shi, a zuba a ɗaya rabin, a dasa, duk a tiyata guda. A 2008 ya ba da rahoton mata 40 da ya yi wa haka a mama, da wasu 'yan tsiraru da naman fuskarsu ya zaizaye.

Hanyoyi biyu ke nan, kuma bambanta su wajibi ne ga duk mai son fahimtar zancen. Ta Tokiyo a rana ɗaya ake gama ta, amma ƙwayoyin da ake samu ba su wuce abin da rabin kitsen ya ɗauko ba. Ta Kopenhagen tana buƙatar tiyata biyu da makonni na reno, amma tana ba da ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. A cikin cokali biyun nan na gwajin 2013, ƙwayoyi miliyan 600 aka zuba.

Inda sakamako ya sha bamban

Akwai labarai masu faranta rai. A Verona ta Italiya, Gino Rigotti ya ba da rahoto a 2007 kan majiyyata 20 da gashin na'ura ya lalata wa nama. Ya riƙa ɗura musu tataccen kitsensu, da ƙwayoyin tushen da ke cikinsa tun asali, sai fatar da ta bushe ta yi laushi, gyambo ya kama hanyar warkewa. Nan aka fara fahimtar cewa dashen kitse yana gyara ƙasar da aka dasa shi a cikinta, bayan cike ramin. A Sao Paulo ta Burazil, Daniela Tanikawa da abokan aikinta sun gwada majiyyata 14 da aka haifa da gefen fuska ƙarami. Bayan wata shida, waɗanda aka ƙara wa ƙwayoyi sun riƙe kashi 88 cikin 100 na dashen, sauran kuwa kashi 54. A 2020 Kølle ya sake gwaji, wannan karon a mama, ya samu kimanin kashi 80 a kan kashi 45.

Akwai kuma waɗanda suka gwada ba su ga bambanci ba. A Finlan, a 2013, Hilkka Peltoniemi ta kwatanta dashen mama mai ƙarin SVF da marar ƙari a mata 18, ba ta ga wata riba ta a zo a gani ba. A 2022 wata ƙungiyar a Kopenhagen ɗin dai, ƙarƙashin Peter Vester-Glowinski, ta yi wa mata goma dashe, mama ɗaya da ƙwayoyin da aka rena, miliyan 10 a kowace mililita, ɗayan babu. Bayan shekara guda, gefen biyu duk sun riƙe ɗan abin da ya haura rabi. Birni ɗaya ne, cikin shekara tara, amsa iri biyu.

Mai karatu zai tambaya, to wanne za a kama? Amsar tana cikin yadda aka yi kowane gwaji. A na 2013, dunƙule guda aka ɗura kitsen, da gangan, don a iya auna shi da kyau a kuma cire shi daga baya. Wannan ita ce hanya mafi muni ta dashe, irin wadda Neuber ya yi gargaɗi a kanta, shi ya sa wanda ba a taimaka wa ba ya faɗi har kashi 16. A irin wannan ƙunci taimakon ƙwayoyin tushe ya fito fili. In kuwa ƙwararren hannu ya shimfiɗa kitsen zare-zare a cikin nama mai wadatar jini, mafi yawansa yana kusa da abinci tun farko, kuma abin da ƙarin ƙwayoyi zai ƙara ba shi da yawa. Sannan yawan ƙwayoyin ya bambanta daga gwaji zuwa gwaji, hanyar renon ta bambanta, lokacin aunawa ya bambanta, kuma kusan duk gwaje-gwajen na mutum goma ne zuwa ashirin. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: ƙwayoyin tushe suna iya raya dashe, an gani a jikin ɗan Adam. Alamu sun fi nuna amfaninsu a inda ƙasa ta yi tauri, kamar fuskar da ba ta da nama, ko fatar da aka gasa, ko tabo. Ba su kai matsayin da za a ce kowane majiyyaci a yi masa ba, kuma ba sa gyara aikin da hannu ya ɓata.

Tsoro biyu

Na farko sankara ce. Sinadaran da ke kiran jijiyoyin jini su zo su ciyar da dashe, su ne kuma ciwon daji ke so. A ɗakin gwaje-gwaje da jikin ɓeraye an ga ƙwayoyin tushe na kitse suna ƙarfafa girman ƙwayoyin sankarar mama. Wannan ya sa likitoci suka bi sawun matan da aka yi wa dashen kitse bayan tiyatar sankara. A Cibiyar Nazarin Sankara ta Turai da ke Milan, Jean-Yves Petit ya duba mata 321 a 2012, bai ga ƙarin dawowar ciwo ba a jimlace, ko da yake wani ƙaramin rukuni ya sa an ƙara sa ido. Wani babban nazari daga cibiyar MD Anderson da ke Houston a 2016 shi ma bai ga ƙari ba. Sai dai waɗannan nazarce-nazarce kan dashen kitse na yau da kullum aka yi su. Zuba ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin da aka rena a inda aka cire sankara wani mataki ne daban, kuma likitocin kirki suna takawa a hankali a nan: a tabbatar an gama magani, a bar lokaci ya wuce, a ci gaba da ɗaukar hoto.

Na biyu ɗan Adam ne. Da sunan ƙwayoyin tushe ya yi tashe, asibitocin kuɗi suka cika Amurka da wasu ƙasashe, suna zuƙar kitsen mutane, su tsamo SVF, su ɗura a gwiwa, a jijiya, a kashin baya, da sunan maganin kowace cuta. A 2015, a wani irin wannan wuri a jihar Fulorida, an ɗura wa wasu tsofaffin mata uku, masu shekara 72 zuwa 88, wannan haɗi a cikin idanu biyu, kowacce ta biya dala 5,000. Sun je ne don ganinsu ya fara raguwa, suka dawo da mummunar asarar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga labarin a 2017, kuma a 2019 kotun tarayya ta ba hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka gaskiya, ta dakatar da wurin. Japan kuwa tun 2014 ta fara aiki da dokar da ta wajabta a gabatar da tsarin duk irin wannan magani ga kwamitin tantancewa kafin a taɓa majiyyaci. Ko dashen kitse zalla yana da nasa haɗarin: in bututu ya shiga jijiyar jini, kitse na iya toshe ta, ya makantar in a fuska ne, ya kashe in ya kai huhu.

Inda zancen ya shafe mu

Wanda ya taɓa shiga Asibitin Yara Masu Cutar Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, ya san abin da ake nufi da ramin da ciwo ke bari. Cutar, wadda sunanta na likitanci ya yi kama da na aikin gona, tana farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hancin yaron da yunwa ta raunana. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Gyaran irin wannan fuska da fata da tsoka masu jijiyarsu ake yin sa. Kitse kan zo daga baya, ya daidaita kunci, ya sassauta tabo. Kuma kafin a ɗebi kitse a jikin yaro sai yana da shi, wato sai ya ƙoshi. Ga kuma masu ƙunar wuta, da matan da sankarar mama ta sa aka yi wa tiyata, waɗanda yawancinsu ba a taɓa gaya musu cewa akwai gyara bayan yanka ba.

Renon ƙwayoyi irin na Kopenhagen yana buƙatar ɗaki mai tsabtar da ƙura ba ta shiga, wutar lantarki da ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya, ma'aikata masu horo, da hukumar da za ta duba kowane kaso kafin ya shiga jikin mutum. Wannan tafiya ce mai nisa. Amma hanyar Coleman sirinji take so, da bututu, da ƙaramin injin juyawa, da likitan da ya koyi haƙurin ɗigo-ɗigo. Wannan bai fi ƙarfin asibitocin koyarwa ba, kuma kowane ɗigon kitse da aka ɗebo da kyau yana tafe da nasa ƙwayoyin tushe. Ribar da ta fi kusa da mu tana nan.

Masu tambaya ta fuskar addini su sani cewa waɗannan ƙwayoyi daga jikin majiyyacin kansa ake ɗebo su, babu ɗan tayi a cikin lamarin. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa ta zauna a Makka a 2003 ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe in an samo su ta halastacciyar hanya, kamar daga baligi da yardarsa ba tare da cutar da shi ba. Malamai kuma sun daɗe suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Maido da abin da ciwo ya ɗauke yana da gurbinsa.

Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne garin da ake tallatawa a leda da sunan sitem sel, ana cewa daga tuffa ko inabi aka samo shi, yana maganin suga da shanyewar jiki da sankara. Abin da aka haɗiya ciki ne ke narkar da shi kamar kowane abinci. Ba shi da wata dangantaka da ƙwaya mai rai da aka ɗebo daga jikin mutum aka mayar masa cikin awoyi. Kuɗin da iyali suka tara don tiyata kan ƙare a nan, ciwon kuma yana ci.

Duk wanda aka yi wa tayin dashen kitse mai ƙarin ƙwayoyin tushe, a gida ko a ƙasar waje, yana da haƙƙin ya yi tambaya kafin ya kwanta. Wace hanya ce, ta rana ɗaya ko ta reno? Ƙwayoyi nawa za a zuba, kuma wa ya ƙirga su? Wace hukuma ce ta amince? Da me za a auna abin da ya zauna bayan shekara guda? In mai sankara ce, yaushe aka gama magani, kuma wa zai ci gaba da duba ta? Likitan da ya san aikinsa zai amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, zai kuma faɗa tun farko cewa mai yiwuwa a sake zama na biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sama da shekara 130 bayan Neuber, tambayar ba ta sauya ba: yaya jini zai isa ga kitse kafin kwana uku su cika? Ƙwayoyin tushe suna kiran jinin, suna jure jiransa, suna gina sabon nama in ya iso. Rage masa nisan tafiya kuwa aikin hannun likita ne, zare bayan zare, a cikin kuncin yaron da ke son komawa makaranta ba tare da ya rufe fuska da ƙyalle ba.